Yarona ya "pass" jarabawa tun sakamako bai fito ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Dan Allah a ɗan ba ni fili in faɗi abun da ya faru a gidana nan Garwa, don na san ba ni kaɗai ba ne. Babban yarona ya rubuta BEPC bana, wato jarabawar gama ƙaramar sakandare a nan Kamaru, ranar da suka gama sai ya ɗau wayar uwarsa ya tura wa kawunsa na Yola saƙo, wai shi a dole ya iya Ingilishi: I passed my exam. Kawu kuwa murna har kunne, ya sanar da dangi kaf, ya aiko da yadin shadda har da kuɗin ɗinki, alhali ko makin takardun ba a fara ba. Shi yaron nufinsa ya zauna jarabawa ne, don a Faransanci passer un examen zaman kawai ake nufi, cin kuwa réussir ne. A Ingilishi pass ɗin shi ne cin. Allah dai ya rufa asiri ya ci ɗin, in ba haka ba ban san da wane ido zan kalli yayan matata ba.

Mu nan Kamaru tun 1961 harsuna biyu ne na gwamnati, amma cikin yankuna 10 guda 2 ne kawai na masu Ingilishi, mu na arewa Faransanci muka tashi da shi a lakol, wato makaranta, ga Fillanci a kasuwa ga Hausa a gida. To yaro in ya ga kalma ta yi kama da wadda ya sani sai ya ɗauka 'yan gida ɗaya ne. Library ɗakin karatu ne, shi kuma librairie ya sani, shagon sayar da littattafai. Attend halarta ne, attendre jira. Ka ga ai wanda aka ce ya halarci taro sai ya tsaya bakin ƙofa yana jira.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne borrow da lend, kuma wannan ba laifin Faransanci ba ne, namu ne. Mu muna cewa na ari biro, kuma ara mini biro, kalma ɗaya ce muke juya ta, shi ya sa kullum za ka ji borrow me your pen. Wata uku yaron nan yana haddace emprunter da prêter, wato borrow da lend ɗin Faransanci, a gefen littafi bai gane ba, sai wani dattijo mai kawo kaya daga Mubi, yana zaune a shagona muna shan shayi, ya ce masa kai ɗana, mai miƙa hannu ya karɓa shi ne borrow, mai abun da ya bayar shi ne lend. Shi kenan, ko minti biyu ba a yi ba. Har ya ƙara masa da cewa mu ma muna da namu da Bature ba ya rabawa, tabarma aronta ake, kuɗi kuwa rance ne, shi duk borrow yake cewa.

Su malaman ba na ganin laifinsu sosai, da yawansu daga kudu aka turo su ba sa jin yarenmu. Roƙona gare ku ne, ku ware ɗan gefen shafi duk sati a ɗauki kalma biyu masu kama a warware su da Hausa zalla. In za ku fara, a fara da hear, feel da smell, don mu duka "ji" muke ce musu, jiya ma sai da ƙanwarsa ta ce min wai I hear the smell of soup.

Naku,
wani mai shagon kayan masarufi, Garwa