Zuwa ga masu sayen ƙunshin ɗinkinmu: batun jinkirin kayan Bermo da ƙarin farashi

Kano, Nuwamba 2024

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, muna gaishe ku da kyau, da fatan iyali da sana'a suna lafiya.

Abu biyu ya sa muka zauna rubuta wannan takarda. Akwai waɗanda suka biya kuɗin ƙunshin ɗinki tun watan Yuli da Agusta, muka ce musu kaya za su iso kafin Satumba ta fita, ga shi har yau wasu ba su karɓa ba. Sannan kuma daga wata mai zuwa farashi zai ƙaru da wajen kashi ɗaya cikin uku. Mun ga saƙonninku a WhatsApp, mun saurari muryoyin da aka turo, har da masu zafi, kuma gara ku ji bayani daga bakinmu da ku tsinci ƙarshensa a wani wuri.

Da yawa cikinku ƙunshin kawai kuke gani idan ya iso: yadin da aka riga aka yanka, ƙyallen da ke ɗauke da aikin hannu, shafi, zare, allura, zif ko maɓalli, da takardar da ke nuna yadda za a haɗa jaka ko rigar matashi ko rigar yarinya. Zare da zif da allura ba su taɓa hana mu barci ba, a nan Kano muke samunsu. Ƙyallen nan mai aiki shi ne ran ƙunshin, kuma shi ne yake da doguwar tafiya.

Farin yadin auduga muke saye a Kantin Kwari, mu kai marinar Kofar Mata, wadda masu ita ke lissafin tarihinta tun daga 1498. A can ana tsoma shi a ruwan baba, a ɗaga ya sha iska, a sake tsomawa, har sai shuɗin ya kama ya yi duhu yadda muke so. Daga nan sai masu bugu. Sai mu yanka shi ƙyalle-ƙyalle mu ɗaure, ya bi ta Katsina da Jibiya ya tsallaka Ɗan Isa, ya shiga Maraɗi, ya wuce Dakoro, ya kai garin Bermo a Nijar. Daga Bermo zuwa inda rugar take kuwa sai babur ko jaki, kuma rugar ba a wuri ɗaya take zama ba.

Matan da ke yi mana aikin Fulani ne Woɗaɓe, waɗanda mutane suka fi sani da Bororo. Irin adon da kuke gani a rigunan samarinsu a rawar Gerewol, da zannuwa da rigunan matansu, shi ne suke sa wa ƙyallenmu: ja da rawaya da kore da fari a kan baƙin shuɗi, ɗinki ƙanana a jere kamar sarƙa, layi bayan layi. Ba mu ba su zane, ba mu taɓa ba su ba. Kowace mace da allura take fitar da nata daga kanta, ba takarda ba alli, abin da ta koya wurin uwarta da abin da ta ƙara. Shi ya sa ba za ku taɓa samun ƙunshi biyu masu ƙyalle iri ɗaya sak ba, kuma shi ya sa idan wata ta ce mana "irin na ƙawata nake so" muke ba ta haƙuri.

To, matan nan ba ma'aikatan shago ba ne da ke jiran yadi ya iso. Su ne masu tatsar nono, masu daka, masu kai nono kasuwa, masu kwance ruga da sake kafa ta duk lokacin da aka tashi. Allura sai an samu sarari. Sararin kuwa ya fi samuwa daga bayan kaka zuwa lokacin sanyi, sa'ad da ake zaune kusa da rijiya kuma ciyawa ba ta ƙare ba. Da bazara ta matso, wahalar ruwa da abincin dabbobi ke cinye yini. Da damina ta sauka kuma sai a yi arewa da shanu, wasu har ƙasar Ingal inda ake bikin makiyaya na Cure Salée a watan Satumba. Wannan mun san da shi tun da muka fara, kowace shekara a kansa muke tsara aikinmu: mu tura yadi da yawa a kaka, mu tara ƙyalle a rani, mu sayar har damina ta wuce.

Abin da ya wargaza wannan tsarin kowa ya san shi. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka karɓi mulki a Yamai, ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyakar Najeriya da Nijar. Ba a janye takunkumin ba sai 24 ga Fabrairu 2024, iyakar kuma sai a watan Maris aka buɗe ta. Ku duba watannin nan da kyau, don Allah. Daidai lokacin da matan ke da sararin ɗinki ke nan, kuma a lokacin yadinmu yana jibge a nan Kano, rinanne, bugagge, ba hanyar wucewa. An ba mu shawarar mu bi ta daji kamar yadda wasu suka yi. Ba mu bi ba. Kayan amana ne, kuma yaron da ke kai mana ɗan mutane ne, ba za mu jefa shi hanyar da ba mu san abin da zai tarar ba. Da aka buɗe a Maris muka tura nan take, amma yadin ya iske su cikin tsananin bazara, ba a jima ba ruwa ya sauka suka tashi. Wato rani guda cur muka rasa, kuma ajiyar da muka saba dogara da ita a damina babu ita.

Duk da haka mun karɓi oda a Yuli saboda Inna, dattijuwar da ke tattara mana aikin matan, ta aiko cewa an gama kaso mai yawa, kuma gaskiya ta faɗa, an gama. Fitowar kayan ce ta gagara. Daminar bana kun ji irin ambaliyar da aka yi a Nijar, jihar Maraɗi na cikin inda abin ya fi muni, gidaje sun rushe, hanyoyi sun yanke, an rasa rayuka. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. A irin wannan hali ba mu da bakin da za mu matsa wa mutum a kan ƙyalle. Ga shi kuma inda suke kiwo waya ba ta shiga, sai wani ya fito ranar kasuwa kafin a ji duriyarsu. Idan kun kira mun ce "ba mu ji daga can ba tukuna", wallahi haka ɗin ne.

Batun farashi kuma, ga yadda yake. Matan da sefa muke biyansu, don da sefa suke sayen gero da shayi da gishirin dabbobi. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai na yuro, ba ta motsa ba. Naira ce aka saki a watan Yuni 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Duk wanda ya leƙa kasuwar canji ta Wapa ya san jaka ɗaya ta sefa, wato sefa dubu, yau tana cin fiye da ninki biyu na nairar da take ci kafin nan. Ladan da muke ba kowace mace a kan ƙyalle bai ƙaru da ko sefa ɗaya a hannunta ba, amma a wurinmu ya ninka. Sai man fetur. Kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023 lita a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba, a watan Oktoban da ya wuce ta haura 1,000. Yadinmu sau biyu yake hawa mota a doguwar hanya, zuwa da dawowa, kafin ma a zo ga kuɗin aika muku shi Zariya ko Jos ko Abuja. Farin yadi ya tashi, zare ya tashi, marina sun ƙara, masu bugu sun ƙara, kuma ba mu ga laifin ko ɗayansu ba. Fiye da shekara muna shanye wannan bambanci daga ribarmu ba mu taɓa farashi ba. Mun so a ce an lura da hakan.

Hanya ɗaya da za ta hana ƙarin ita ce mu rage wa matan lada. Wannan kam ba za mu yi ba. Ƙyallen jaka ɗaya yana cin mace kwanaki, tana yi tana ajiyewa tsakanin ayyukan gida, kuma a shekarar da dabbobi suka wahala kuɗin allurar nan ne ke sayen hatsi a wasu rugage.

Akwai wata magana da ta fi jinkirin da farashin ci mana rai. An turo mana hoton wani yadi da ke yawo a kasuwa yanzu, na inji, an buga masa zane mai kama da na Woɗaɓe, aka rubuta a ƙasa: "ga irin naku nan a rabin kuɗi." A wani zauren kuma an ce wai dama can a kasuwa muke saye mu ce daga Nijar ne. Ba mu san wadda ta fara faɗa ba, ba ma neman sani. Duk mai ƙunshinmu a gida ta ɗauko ƙyallen ta juya bayansa, za ta ga sawun allura da inda aka ƙulle zare aka sake sabo. Ta murza shi a tafin hannu, shuɗin baba zai ɗan sauka, ta sunsuna ta ji warin karofi. Na inji bayansa fari ne fat. Wanda ya ga yadin kasuwa ya yi masa, ya saya, kuɗinsa ne, kuma mun san halin da aljihu ke ciki. Amma a ce muna yaudara, bayan shekarun da muka yi tare, wannan ya yi mana nauyi. Waɗanda suka buga zanen nan da inji ba su san sunan mace ɗaya a Bermo ba, kuma ko sisi ba zai koma ruga ba.

Wasu masoyanmu, da kyakkyawar niyya, sun ce mu ma mu ɗauki hoton zanen mu kai a buga mana, mu huta da hanya. Zanen ba namu ba ne. Magana ce da ba za mu yanke ba sai mun zauna da Inna da sauran matan gaba da gaba, mun ji ta bakinsu.

Yanzu dai ruwa ya ɗauke, mutane sun fara gangarowa kudu, kaso na farko ya iso kuma muna kan yanka da haɗawa. Za mu bi layi yadda aka biya, na farko shi ne na farko, kuma duk wanda ya riga ya biya a tsohon farashi zai karɓa, ba za mu nemi ciko ba. Ragowar muna sa ransu nan ba da jimawa ba in Allah ya yarda. Ba ma so mu sake faɗin rana. Muna duba wasu hanyoyi na kai yadi da ɗauko shi, muna kuma magana da mutane a Maraɗi kan yadda za a riƙa ajiye kaya kusa, idan abin ya nuna za ku ji. Masu biki a Disamba su yi mana magana a keɓe mu ga abin da zai yiwu. Wadda kuma ta ga ba za ta iya jira ba, tana son kuɗinta, ita ma ta kira mu, za mu san yadda za a yi, ba za mu riƙe ta a zuciya ba, ko da yake ba za mu so hakan ba.

Hajiyarmu ta Gwammaja, ke kika sayi ƙunshinmu na farko tun muna yanka a kan tabarma a falon mahaifiyarmu, kuma cikin watannin nan ba ki taɓa kira kin tambayi kaya ba sai dai ki tambayi lafiyar mutanen ruga. Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Malama ta makarantar koyon ɗinki a Tudun Wadan Zariya, mun san zangon karatu ya fara ɗalibanki ba su da abin aiki, kin rufa mana asiri a gabansu, ba za mu manta ba. Anti ta Kumasi da ke haɗa odar matan zango ta aiko a dunƙule kowace shekara kafin azumi, muna sane da ke. Ƙungiyar iyayen marayu ta Gusau da ke ɗinka jakunkuna suna sayarwa, ku jinkirin nan ya fi taɓawa don abincinku ne, kuma naku ne a sahun gaba. Alhaji tela na Fagge, kai ka gyara mana takardar yanka tun farko ba ka karɓi ko kwabo ba. Da Baba na karofi, wanda ya riƙe mana yadi wata da watanni bai ce mu zo mu kwashe ba. Akwai da yawa da ba mu ambata ba, ku yafe mu, takarda ce ta yi kaɗan.

Muna roƙonku kada ku juya mana baya a wannan gaɓar. Ƙaramin shago ne, mu biyu ne da yara uku masu yanka, kuma oda ɗaya idan ta tafi muna jin ta a jikinmu. Shago a buɗe yake daga Litinin zuwa Asabar, ƙarfe tara zuwa la'asar, ban da lokacin sallar Juma'a. Ƙyallayen da suka iso suna nan a kan tebur, duk mai son gani da idonta ta zo ta juya bayansu ta duba, ko da ba za ta saya ba.

Wassalamu alaikum.

Naku,
'Yan'uwa biyu masu shagon, a madadin yaran yanka da matan Bermo