Idan tashoshin wani yanki suka ɓace a dikoda, a dakata da taɓa dish

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu ɗan fili a jaridarka mu yi bayani kan wata matsala da ke jawo wa masu kallon talabijin ta tauraron ɗan'adam asarar kuɗi da ɓacin rai. Mutum yana zaune a wani yanki amma ya saba kallon tashoshin wani yankin daban, sai a wayi gari sun ɓace, alhali sauran tashoshi na nan garau. Abin da akasarin mutane ke fara yi shi ne hawa rufi da sifana, a kwance noti a hau juya dish. Mu da ke wannan sana'a muna ganin wannan ne abu na ƙarshe da ya kamata a yi. Taurarin nan suna can sama da nisan kusan kilomita 35,786, kuma tsakanin wani da maƙwabcinsa sau da yawa digiri biyu ne ko uku kacal. Matuƙar sauran tashoshin tauraron suna fitowa, to dish yana kallon inda ya dace, kuma motsa shi kaɗan kan jawo a rasa har waɗanda ake da su.

A fara da karanta abin da allo ke faɗa, domin ɓacewar tasha iri uku ce. Ko dai sunanta ya fita daga jeri gaba ɗaya, ko sunan yana nan amma dikoda ta ce babu sigina, ko kuma sigina ya cika amma ta ce an kulle tashar. Ciwo uku ne daban-daban, maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayan.

Idan saƙon kullewa ne, babu ruwan dish da waya. Kamfani yana watsa tashoshin yankuna da yawa a lokaci guda, katin da ke cikin dikoda ne ke tantance wadda za a buɗe maka, shi kuwa katin yana bin adireshin da ke rubuce a asusunka. A Birtaniya, alal misali, lambar unguwar da mutum ya bayar ita ke zaɓar masa BBC One ta yankin da zai gani a lamba 101. Sauya adireshi, ko sabunta kati, ko gyaran da kamfani ya yi a rumbun bayanansa, duk suna iya ɗauke tashar da aka daɗe ana kallo. Haka kuma izinin kati ta iska ake aiko shi lokaci-lokaci, don haka dikodar da ta yi makonni a kashe tana iya rasa sabon izini. A cire ta daga wuta na minti ɗaya, a zare katin a goge ƙarfen zinaren da busasshen ƙyalle, a mayar da shi yadda kibiya ta nuna, a kunna a bar ta kan tashar da ke aiki. Sannan a kira kamfani da lambar kati da ta dikoda a hannu, a nemi su sake turo izini, a kuma tambaye su kai tsaye wane adireshi ne a asusun.

Wani lokacin kuwa doka ce ko yarjejeniya. A Amurka kotu ta tilasta wa kamfanin Dish Network ya yanke tashoshin yankuna masu nisa a watan Disamba na 2006, sannan dokar da aka yi a ƙarshen 2019 ta taƙaita masu haƙƙin samun irinsu zuwa masu motocin da ake kwana a ciki, da direbobin manyan motoci, da yankunan da ba su da cikakkun tashoshin gida. Inda haka ta faru babu sukurun da za a murɗa tasha ta dawo. Muna kuma jan kunnen jama'a kan masu cewa za su saka wa dikoda wata manhaja ta buɗe komai: keta doka ne, kuma sau da yawa dikodar ce ke mutuwa a hannunsu.

Idan kuwa babu sigina aka ce, nan ne aikin yake, kuma da takarda da biro ake fara shi. A danna maɓallin bayani a kan kowace tasha da ta ɓace a rubuta abu huɗu: sunan tauraro, firikwensi, harafin H ko V (wato siginar na zuwa a kwance ko a tsaye), da lambar saurin sigina, irin su 22000 ko 27500 ko 30000. A yi wa tashoshi biyar masu aiki haka. Sai a duba me waɗanda suka ɓace suka yi tarayya a kai. A lura kuma dikoda na nuna ma'auni biyu, na ƙarfi da na inganci. Na ƙarfi yana iya hawa sama ko da dish bango yake kallo, don abin da yake nunawa kawai shi ne LNB, wato 'yar na'urar da ke gaban dish mai karɓar sigina, na samun wuta. Na inganci shi ne abin dubawa.

Idan duk waɗanda suka ɓace H ne, zargi ya koma kan wuta. Dikoda na tura wa LNB bolt 13 don ya kama V, bolt 18 don ya kama H. Doguwar waya mara kyau, ko mahaɗi mai tsatsa, kan zubar da wutar a hanya, sai 18 ta isa can a raunane, LNB ya tsaya kan V. A sa dikoda kan tashar H a auna da mita a ƙarshen wayar da ke wajen dish. Idan kuma duk waɗanda suka ɓace firikwensinsu ya haura 11700, wato suna zangon sama, to sautin kilohaz 22 da ke umartar LNB ya koma zangon sama ne ba ya isa, ko an taɓa saiti. LNB na gama-gari saitinsa 9750 da 10600 ne, na zangon C kuwa yawanci 5150. Idan tauraro guda ne ya ɓace ɗungurungum a gidan da aka haɗa LNB biyu zuwa huɗu, a duba 'yar akwatin DiSEqC, wadda ke zaɓar wa dikoda LNB ɗin da za ta yi amfani da shi: a tabbatar lambar ƙofar da ke saiti ta dace da inda aka ɗaura wayar, sannan a gwada haɗa wannan LNB ɗin kai tsaye da dikoda. In tashoshin suka dawo, akwatin ce ta lalace.

Akwai wani salo da ke rikita mutane. LNB na sauko da sigina zuwa tsakanin megahaz 950 da 2150 kafin ya bi waya, kuma waya ta fi cinye na sama. Saboda haka lalatacciyar waya kan fara kashe tashoshin da ke ƙarshen kowane zango, wajen 11600 da wajen 12700, ta bar na tsakiya. A kashe dikoda daga bango tukuna, sannan a kwance mahaɗin da ke gindin LNB a duba da ido. Idan tsinken tagullar tsakiya ya yi kore ko baƙi, ko farin kumfan da ke kewaye da shi ya jiƙe, ruwa ya shiga. A yanke kamar santimita 20 har a kai inda tagulla ke sheƙi, a sa sabon mahaɗi, a kula kada ko silin gashi ɗaya na ragar waje ya taɓa tsinken tsakiya, a naɗe da tef mai hana ruwa. Wayar da ta dace ita ce RG6 mai om 75. A leƙa murfin robar LNB ma, rana kan tsattsaga shi, ruwa ya taru, wani lokacin har zanzaro ya gina ɗakinsa a ciki.

Amma abin da ya fi addabar masu kallon tashoshin wani yanki shi ne faɗin inda siginar ke sauka. Tauraro kamar tocila yake, yana da haske mai faɗi da ke rufe nahiya, yana kuma da matsattse da aka saita kan ƙasa ɗaya ko yanki ɗaya. Tashoshin gida a kan matsattsen ake ɗora su da gangan, saboda haƙƙin nuna wasanni da fina-finai na yankinsu kaɗai suka saya. Wanda ke wajen da'irar rarar haske yake samu, kuma ranar da aka mayar da tashar kan sabon tauraro mai kaifin baki sai rarar ta ƙare. Haka ya faru a farkon 2014 lokacin da tashoshin BBC suka koma kan Astra 2E a digiri 28.2 gabas: mazauna kudancin Sifaniya da Fotugal da suka yi shekaru suna kallo suka rasa su dare ɗaya, ba tare da komai ya lalace a gidajensu ba.

Alamar zama a gefen da'ira ita ce tashar na zuwa a wasu sa'o'i ta ɗauke a wasu, ko hadari na haɗowa ta fara tsinkewa alhali sauran ba su girgiza ba. Kafin a sayi komai a nemi taswirar saukar siginar wannan tauraron a intanet. Idan gidan na kusa da layin ƙarshe, babban dish zai taimaka: daga santimita 60 zuwa 90 sigina na ƙaruwa da kusan desibel (ma'aunin ƙarfin sigina) uku da rabi, ninka faɗin kuwa na ba da kusan shida. A nan ne kawai taɓa dish ke da ma'ana. Ba tare da kwance noti ba, a ɗan danna gefensa da yatsa, dama, hagu, sama, ƙasa, wani na kallon ma'aunin inganci. In ya hau a wani ɓangare, to akwai gyaran da za a yi. A yi wa wuyan LNB alama da alƙalamin maka kafin a murɗa shi kaɗan-kaɗan, domin karkatarsa kaɗai kan dawo da tasha mai rauni. In kuwa gidan ya yi nisa da da'irar, ko kamfanin na amfani da wannan firikwensin wajen aika wa yankinku wasu tashoshi daban, to ko dish ya kai girman ɗaki ba zai kamo ta ba, kuma mai gyara na gaskiya zai faɗi haka kafin a kashe kuɗi.

Saura tashar da sunanta ya ɓace, ko ta koma murya ba hoto. Yawanci ƙaura ta yi zuwa wani firikwensi, ko ta sauya fasaha. BBC ta rufe tashoshinta marasa HD a tauraro a Janairun 2024, ARD ta Jamus ta yi haka ranar 7 ga Janairun 2025. Tsohuwar dikoda mai DVB-S da MPEG-2 kaɗai ba za ta iya da sabbin fasahohi irin su DVB-S2 ko H.264 ko HEVC ba, sai an sauya ta. In dikodar ta zamani ce, a nemo sabbin lambobin daga shafin tashar, a shigar da su da hannu a bincika wannan firikwensin shi kaɗai. Kada a yi gaggawar mayar da dikoda saitin masana'anta, domin yana share jerin tashoshi da saitin DiSEqC duka. In ya zama dole, a fara kwafe jerin a filashi, a kuma ɗauki hoton shafin saitin eriya da waya.

Ɗaukewar 'yan mintuna da rana a kusan lokaci guda kullum, a wajen Maris da kuma Satumba zuwa Oktoba, rana ce ke bi ta bayan tauraron. Cikin 'yan kwanaki take wucewa da kanta, ba ta buƙatar mai gyara.

Wassalam.

Daga wasu masu sana'ar ɗaurawa da gyaran dish.