Wasiƙa Zuwa Ga Abokina Kan Duba Marasa Lafiya Daga Nesa

Assalamu alaikum, abokina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, kuma na ga kun ƙudiri aniyar haɗa ƙaramin asibitin karkara da likitocin birni ta waya, tare da yin bincike kan amfanin hakan. Madalla. Sai dai ka dakata da sayen kwamfutocin nan tukuna.

Likitan da ke nesa ba shi da hannu a jikin mara lafiya. Hannunsa shi ne ma'aikacin da ke zaune kusa da gado, saboda haka ta kansa za ku fara. Ya iya awon hawan jini yadda ya kamata: mutum ya zauna ya huta minti 5, hannunsa a ɗore daidai ƙirji, maɗaurin ya dace da kaurin damtse. Ƙaramin maɗauri a babban damtse yana ƙara awo, sai a ɗora wa lafiyayye maganin hawan jini. Mai juna biyu da cikinta ya wuce mako 20, in awonta ya kai 140 bisa 90, a duba fitsarinta; in ya kai 160 bisa 110, wannan ba na jiran gobe ba ne. Numfashin yaro kuwa a ƙirga shi minti guda cur, lokacin da ba ya kuka: 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alamar ciwon huhu ce. 'Yar na'urar oksijin ta yatsa ma tana ƙarya in yatsa ya yi sanyi, a ɗumama shi a sake.

Kada ku kafe a kan bidiyo. Inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, ya fi a rubuta bayani, a ɗauki hoto cikin hasken rana, a tura in layi ya dawo, tare da yarjejeniyar sa'o'in da likita zai ba da amsa. A nemi izinin mara lafiya kafin ɗaukar hoton.

Mutanen gari kuma kada a kira su ranar buɗewa kawai. Su zaɓi kwamiti, da mata a ciki, su tsayar da wanda zai kula da sola da batir, da motar da za ta ɗauki mara lafiya da tsakar dare, da inda kuɗin mai zai fito. Nan ne yawanci ake tuntuɓe: likita ya ce a kawo ta yanzu, a rasa abin hawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a jagoranta na 2019, ta ce wannan hanya ƙari ce a kan ganin ido, ba madadinsa ba.

Ka binciki tsarin ECHO da aka fara a Jami'ar New Mexico ta Amurka a 2003 kan ciwon hanta nau'in C. Ƙwararru kan zauna da ma'aikatan karkara ta bidiyo ana tattauna matsalolin marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya, har su ƙware da kansu. Wannan ya fi burge ni.

Batun bincikenku, yawan kiran waya ba ya gaya mana komai. Ku rubuta mutum nawa aka tura babban asibiti, nawa suka isa, cikin sa'a nawa, da abin da ya hana sauran. Ku fara tattara wannan wata 3 kafin a kunna komai, don ku sami abin kwatantawa.

Ka turo mini takardar tambayoyinku in duba. A gaida mutanen gida.

Naka,
Abokinka