Lambar da ke jikin ma'aunin ruwan batir ba kilo ba ce

Ranka ya daɗe Edita,

Gaisuwa mai yawa. Ina neman fili a shafin wasiƙu domin in warware wani ruɗani da nake yawan ji a bakin ɗalibai da masu gyaran batir, har da wasu masu gabatar da shirye-shiryen kimiyya. Ana ɗaukar densiti da abin da Turawa ke kira sifesifik girabiti tamkar sunaye biyu na abu guda. Dangin juna ne na kusa, amma kowanne da aikinsa.

Densiti yana gaya mana nauyin da ke ƙunshe cikin wani awo na abu. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ta man gyaɗa kusan giram 910, ta zuma kuwa ta haura kilo 1.4. Kullum lambarsa tana tafe da awo a bayanta, kilo a kowace lita ko giram a kowace mililita. Na biyun, wanda zan kira nauyin kwatance, ana samunsa ne idan aka raba densitin abu da densitin ruwa. Tunda awon sama da na ƙasa iri ɗaya ne, sai su cinye juna, lamba ta rage tsurarta. Idan aka ce na zinare 19.3 ne, ana nufin ya ninka ruwa mai girmansa sau 19.3 a nauyi, ko da kilo aka auna ko da fam ɗin Ingila. Abin da bai kai 1 ba, shi ne zai taso saman ruwa, kamar fetur da ƙanƙara. Wanda ya wuce 1 zai nutse, muddin ba narkewa yake yi a ruwan ba.

Tushen ruɗanin shi ne mililita ɗaya ta ruwa giram ɗaya ce, don haka lambobin biyu kan fito kusan iri ɗaya. Na ce kusan, domin ruwa yana kai wannan nauyi ne a sanyin digiri 4. A digiri 30, lita ɗaya giram 996 ce, a digiri 40 kuma 992. Shi ya sa masana'antar man fetur ke mayar da awonta kan digiri 15, komai zafin da aka ɗebi samfurin a ciki.

Mu ɗauki zinare, tunda a nan ne aka fi cutar mutane. Gwajin tsoho ne, ana danganta shi da Arkimidis na Sirakusa, wanda ya rayu kafin haihuwar Annabi Isa da sama da shekara 200, kuma yau ƙaramin sikeli na lantarki ya isa. A auna zoben a bushe, a ce ya ba da giram 8.90. A ɗora kofin ruwa a kan sikelin, a mayar da shi sifili. A ɗaure zoben da siririn zare, a zura shi ya nutse gaba ɗaya ba tare da ya taɓa gindin kofin ko gefensa ba. Lambar da ta fito nauyin ruwan da zoben ya ture ne. In ta nuna 0.50, a raba 8.90 da 0.50, a samu 17.8, wato daidai da zinare mai karat 22. Mai karat 18 yana zagaye 15.5. In kuwa ta nuna 1.05, amsar 8.5 ce, tagulla ce aka yi wa wanka.

Gwajin yana da wuraren da yake yaudara, kuma su ne ba a faɗa. Sikelin da ke tsalle giram 0.1-0.1 ba shi da amfani a nan, domin 0.5 ɗinsa tana iya zama 0.45 ko 0.55, amsar ta yi yawo tsakanin 16 da kusan 20. Sai mai nuna 0.01. Ƙwayar iska da ta maƙale a jikin sarƙa tana ƙara wa ruwan da aka ture yawa, zinare mai kyau ya fito kamar gauraye. Haka awarwaro mai rami a ciki, haka zobe mai dutse. Akwai kuma ƙarfen tungistin, wanda lambarsa 19.25, kusan kunnen doki da zinare, don haka dunƙulen da aka cusa masa shi a ciki zai tsallake wannan gwaji lafiya lau. Lamba ƙasa-ƙasa hujja ce mai ƙarfi cewa akwai algus, amma lamba mai kyau ba ta wadatar ita kaɗai.

Sai batir mai ruwa, na mota da na sola da ya cika gidaje yanzu. Ruwansa asid ne na sulfa gauraye da ruwa, kuma tsantsar asid ɗin lambarta 1.84. Lokacin da batir ke ba da wuta, asid ɗin yana haɗuwa da dalmar farantan da ke cikin batir ɗin, ruwa yana ƙaruwa, sai ruwan batir ya yi sauƙi. Da an yi caji, asid ya dawo. Wannan ne ya sa ma'aunin nan mai robar matsawa da ƴar kwalba mai yawo a ciki yake iya faɗin cajin batir. Cikakken batir yakan nuna tsakanin 1.265 da 1.280, rabi kusan 1.190, wanda ya ƙare kuma 1.120. Batir mai bolt 12 rami shida gare shi, kuma kowanne ake aunawa daban. Idan wani ya gaza ƴan'uwansa da 0.050 bayan cikakken caji, wannan ramin ya soma mutuwa.

A tsotso ruwa daidai yadda kwalbar za ta tashi ba ta jingina da bango ba, a riƙe ma'aunin a tsaye, a karanta ido na daidai da saman ruwan. Kada a auna nan take bayan an ƙara tataccen ruwa, saboda yana kwance a sama bai gauraya ba, zai nuna batir ya mutu alhali lafiyarsa ƙalau. A bari ya yi caji tukuna. Zafi ma yana da nasa tasiri: an tsara yawancin waɗannan ma'aunai a kan digiri 27, kuma ana ƙara 0.0007 a kan kowane digiri da ya haura. A watan Afrilu, ruwan batir mai digiri 42 da ya nuna 1.255, gaskiyarsa kusan 1.265 ce.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mai gyara ya ga lamba ta yi ƙasa sai ya tsiyaya asid. Lambar za ta tashi, mai batir ya tafi da murna, amma cajin bai ƙaru da komai ba. Asid ɗin asali yana nan daskare a jikin farantai, sabon kuma zai ƙara cinye su. Abin da ke ƙafewa daga batir ruwa ne, shi kaɗai ake mayarwa, kuma tatacce, ba na rijiya ko na leda ba. Batir rufaffe da na litiyom ba a yi musu wannan awo sam.

Ga madara, lambar tana tsakanin 1.028 da 1.033. Ruwa yana saukar da ita, cire mai yana ɗaga ta, saboda haka wanda ya yaye man kuma ya ƙara ruwa yana iya dawo da ita daidai, sai an haɗa da gwajin mai a gane.

Ina roƙon idan za ku kawo batun, ku sa a rubuta densiti da awonsa, nauyin kwatance kuma lamba tsura, tare da zafin da aka auna a ciki.

Huta lafiya.

Naku,
Wani malamin kimiyya, Zariya