Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Malamin Da Ya Ce Ina Kare Ɓarayin Fasaha

Malam, bayan gaisuwa.

Ka tambaye ni a bainar jama'a: yaya marubuci zai ƙi a tsawaita wa'adin haƙƙin mallaka, in ba bakinsa ɗaya da masu buga littattafan mutane a ɓoye ba? Maganar nan ta yi mini ciwo. Ka fi kowa sanin yadda na daɗe ina tsaya wa marubuta a biya su haƙƙinsu, don haka ba rashin sani ya sa ka faɗe ta ba. Akwai waɗanda kake son farantawa.

Abin da na ƙi shi ne abin da ya faru a Kanada. Da can haƙƙin marubuci na ƙarewa shekara 50 bayan rasuwarsa. A ranar 30 ga Disamba 2022 aka mayar da shi 70, saboda sharaɗi ne a yarjejeniyar cinikinsu da Amurka da Meziko. Ayyukan waɗanda suka rasu a 1972, da saura kwana biyu su zama na kowa, sai 2043. An yanke wannan a teburin da ake cinikin madara da motoci.

Ka ce hakan zai ƙarfafa wa marubuta gwiwa. Wanda ya yi shekara 50 a kabari ba zai sake rubutu ba.

Waɗanda ke cutuwa su ne marayun littattafai. Ɗauki ɗaya a laburare: takardar ta yi ja, gefenta na marmashewa, maɗaba'ar ta rufe tuntuni, marubucin ya rasu, magadansa ba a san inda suke ba. Ma'aikacin laburaren na son ɗaukar hotonsa ya sa a intanet kafin ya lalace, amma wa zai nemi izini a wurinsa? Rajistar masu haƙƙin mallaka ce za ta warware wannan, to Yarjejeniyar Berne, ta ƙasa da ƙasa kan haƙƙin mallaka, ta hana a sharɗanta rajista ga ayyukan ƙasashen waje, kuma TRIPS, yarjejeniyar ciniki ta 1994 kan haƙƙin mallakar fasaha, ta ɗaure mambobin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya da wannan ƙa'ida, har da Najeriya. Ƙananan littattafan waƙoƙinmu da tsofaffin kaset-kaset ma cikin wannan halin suke.

Kamfanonin da ke riƙe da 'yan ayyukan da har yanzu ke kawo kuɗi su suka ci ribar shekara 20 ɗin nan. Su suna da lauyoyin da ke kai kukansu teburin ciniki. Ka faɗa mini, Malam, wa ya wakilci ma'aikacin laburaren a can?

Wassalam.