Ba wanda ya aiko ni, Yaya Alhaji

Assalamu alaikum, Yaya Alhaji. Ina gaisuwa, da fatan iyali da kasuwa suna lafiya.

Daren Lahadin da ta wuce ina zaune a ƙofar gida a Aboabo, rediyo a gefena, sai na ji muryarka a shirin Hausa. Kwana biyu kafin nan, a taron 'yan kasuwa da masu unguwanni kan gobara, na tashi na ce lokaci ya yi da Ghana za ta ware wa ma'aikatan kashe gobara, da masu motar asibiti, da 'yan sanda, da jami'an hukumar agajin gaggawa ta NADMO layin sadarwa mai intanet nasu na kansu, wanda cunkoson jama'a ba zai toshe ba. A wurin taron kana zaune a sahun gaba, ba ka ce uffan ba. Sai da ka shiga rediyo ka ambaci sunana, ka ce: "A tambaye shi, waya tana kashe wuta? Mutanen da ke zuwa da mota ba ruwa, su za a saya wa intanet su ɗauki hoton dukiyarmu tana ƙonewa? Wane kamfani ya aiko shi, kuma nawa ne kamashonsa?"

Tun da a gaban jama'a ka yi tambayar, a gaban jama'a zan amsa. Zan fara da ta ƙarshe, don ita ce ta hana ni barci.

Ba wanda ya aiko ni. Shekara 27 na yi ina aikin kashe gobara kafin na yi ritaya, kuma abin da na fito da shi sananne ne a unguwa: fanshon da ba ya kai ƙarshen wata, ɗaki biyu a gidan gado, da tabon ƙuna daga kafaɗar hagu har gwiwar hannu. Ban san ƙofar ofishin kowane kamfanin waya ba, in ban da inda nake zuwa a gyara mini layi. Kai ka san haka fiye da kowa, domin tare muka ɗauki gawar mahaifina zuwa maƙabartar Tafo, kuma a bakinka na ji kana ba da shaidar cewa gidanmu ba a san shi da cin haram ba. Me ya canja tsakanin ranar da yau? 'Yata ta dawo daga makaranta ranar Litinin tana kuka, an ce mata babanta ya sayar da bakinsa. Wannan kai ka jawo, Yaya Alhaji, kuma ba zan ɓoye maka ba, ya yi mini ciwo fiye da ƙunar da ke hannuna.

Ka ce waya tana kashe wuta? Ba ta kashewa. Amma bari na gaya maka yadda na samu tabon nan.

Lokacin hunturu ne, wajen ƙarfe biyun dare, wuta ta kama wani sashe na kasuwa inda ake sayar da atamfa da kayan roba. Mu uku muka shiga ta wani lungu da mesa a hannu, ni a gaba. A can ɗaya ɓangaren, maigadin kasuwa ya ruga ya gaya wa wani ɗan sanda cewa shagon da ke bayan bangon da muke fuskanta cike yake da tukwanen gas. Ɗan sandan nan bai yi sakaci ba. Ya ɗauki oba-obarsa, amma tasu daban, tamu daban, ba sa jin juna. Ya ciro wayarsa ya kira shugaban tawagarmu, kiran ya ƙi shiga, saboda a lokacin dubban mutane sun cika titi, kowa waya a kunne, wannan yana kiran maigidansa, wancan yana kiran ɗan'uwansa ya zo su kwashe kaya. Sai ya sa gudu, yana kutsawa cikin taro don ya zagayo ya faɗa mana da baki. Tsakaninmu da shi bai kai tafiyar minti uku ba in hanya a buɗe take. Kafin ya iso, tukwanen sun tashi. Ni na rayu. Yaron da ke bayana, ɗan shekara 26, matarsa da ciki wata bakwai, ya kwana uku a asibiti ya cika.

A daren nan akwai ruwa a mesarmu. Labari ne bai iso ba. Akwai wanda ya sani, akwai wanda ya yi niyyar faɗa, hanyar faɗar ce babu. Wannan yaron shi ya aiko ni, in lalle sai ka ji sunan wanda ya aiko ni.

Mutane da yawa suna zaton matsalar sabis matsalar ƙauye ce. A tsakiyar Kumasi ma tana nan, kuma tana zuwa ne daidai lokacin da aka fi buƙatar waya. Kowane turken sadarwa yana da iyakar kira da intanet da zai iya ɗauka lokaci guda. In mutum dubu biyar suka taru ƙarƙashinsa, kowa yana kira, rabi suna ɗaukar bidiyo suna turawa Facebook da TikTok, hanya ta cushe, kamar kasuwar Kejetia a makon Kirsimeti. Motar kashe gobara tana da jiniya, in ta danna, trotro da aboboya su kauce. Wayar ma'aikacin da ke cikin motar ba ta da jiniya. Layi ɗaya yake bi da mai ɗaukar bidiyo, kuma na'ura ba ta san wanene ke neman ceton rai ba. Abin da na nema a taron shi ne a yi wa wayar nan jiniya: layin mai kai ɗauki ya shiga gaban kowa, in ma hanya ta cika maƙil a sauke wani a ba shi wuri.

Za ka ce oba-oba ba ta isa ba? Ina ƙaunar oba-oba, ba na son a karɓe ta daga hannun kowa, domin tana aiki ko da turke ya faɗi. Amma murya kawai take ɗauka. Da intanet mai ƙarfi, shugaban tawaga zai ga taswirar kasuwa a hannunsa, da inda kowane famfon kashe gobara yake, da inda kowane ma'aikacinsa ya tsaya cikin hayaƙi. Ƙaramin jirgi marar matuƙi zai tashi sama ya nuna masa inda iska ke kora wutar, ya tare ta a gaba maimakon ya bi ta a baya. Mai motar asibiti zai tura hoton rauni da bugun zuciyar majinyaci zuwa asibitin Komfo Anokye tun yana hanya, likita ya shirya kafin su iso, ya kuma san asibitin da ke da gado tun bai tayar da mota ba. Ba ka manta da dattijon nan ɗan shekara 70 da ya rasu cikin mota a Accra a 2018 ba, bayan an zagaya da shi asibitoci bakwai ana cewa babu gado. A Janairun 2020 an raba motocin asibiti 307 a faɗin ƙasa, muka yi murna. Motar da direbanta ke yawo daga ƙofa zuwa ƙofa yana tambaya, rabin amfaninta ta yi.

Ba mu muka fara cin karo da wannan ba. Ranar 11 ga Satumba 2001 a birnin New York, ma'aikatan kashe gobara 343 suka mutu. 'Yan sandan da ke cikin jirage masu saukar ungulu sun hango alamar benen Cibiyar Kasuwanci ta Duniya da aka kai wa hari zai rushe, sun sanar ta layinsu, amma gargaɗin bai kai ga 'yan kwana-kwana da yawa da ke ciki ba, domin na'urorinsu ba ɗaya ba ne. Labarina ne sak, sai dai nasu ya fi girma. A 2012 majalisar Amurka ta kafa FirstNet, hukumar samar wa masu kai ɗauki layinsu na kansu, ta ware mata kason mita na musamman da dala biliyan 7, a 2017 aka ba kamfanin AT&T kwangilar shekara 25 ya gina ya kuma gudanar da ita. Mu ma muna da daren da ya kamata ya farkar da mu. Ranar 3 ga Yuni 2015, ambaliya da gobara suka haɗu a gidan man da ke Circle a Accra, mutum sama da 150 suka rasu. Ruwa, wuta da duhu a wuri guda, sojoji, 'yan sanda, 'yan kwana-kwana, NADMO da motocin asibiti duk suna wurin, kowa da shugabansa. A irin wannan dare wanda ya ga abu dole ya iya gaya wa kowa a take.

Akwai wurin da maganarka ke da ƙamshin gaskiya, wato kuɗi, kuma da a nan ka tsaya da na zo har shago mun tattauna. Abin yana da tsada, kuma ana iya ɓarnar dukiya a kansa. Ingila ta ba da kwangilar nata tun 2015, da niyyar a gama sauya tsohon tsarin oba-oba na Airwave kafin ƙarshen 2019. Shekaru suka shuɗe ba a gama ba, kuɗin ya yi ta hauhawa da biliyoyin fam. Koriya ta Kudu ta gina nata bayan nutsewar jirgin ruwan Sewol a 2014, inda mutum 304 suka mutu, ta kammala a 2021. Amma daren turmutsitsin unguwar Itaewon da ke Seoul a Oktoban 2022, da mutum 159 suka rasu, hukumomin ba su yi amfani da layin yadda ya kamata ba, kowa ya koma ga abin da ya saba. Na san duk wannan kafin na buɗe baki, shi ya sa ban ce a kafa sababbin turaku daga Aflao zuwa Paga ba. Turakun kamfanonin waya irin su MTN da Telecel suna nan tsaye. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCA, ita ke ba su lasisi, tana iya sa sharaɗi: layukan masu kai ɗauki su sami fifiko, su iya hawa kowane sabis da ke da ƙarfi a wurin, a ƙara wa turakun da ke kewaye da manyan kasuwanni da asibitoci batir da janareta, domin wanda ya rayu a shekarun dumsor ya san abin da ɗaukewar wuta ke yi wa sabis. A tanadi motoci kaɗan masu ɗauke da turken tafi-da-gidanka don inda babu sabis ko inda ya lalace. Sannan a riƙa atisaye tare, wata-wata, har hannu ya saba, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙasar nan ma ta riga ta yarda da tushen maganar tun da ta ba jami'an tsaro wayoyin GoTa. Tsohuwar fasaha ce da aka gina don murya, zamani ya wuce ta.

Zancen mota ba ruwa kuwa, na gaji da amsa shi. Mota tana zuwa da ruwa, lita dubu kaɗan ne, mesa tana zuƙe shi cikin mintoci. Daga nan sai famfo. In ba famfo a kusa, dole ta juya ta ɗebo, wanda ya iso a makare ya ga tana fita sai ya ce ta zo ba ruwa. Ban taɓa cewa a bar sayen motoci da gyaran famfo don a sayi waya ba.

Sai dai maganar famfon nan ta sa ni tunani a kan abin da ya fusata ka, kuma zan faɗa a fili tun da kai ma ba ka yi mini kara ba. A taron na ce matakin farko shi ne a zana taswirar kowace kasuwa, a sa kowane famfo da kowace hanyar mota a ciki. A nan na ga fuskarka ta canja. Ni da kai mun san famfuna nawa ke ƙarƙashin kwantena da teburan haya a yau, mun san hanyoyin da aka bari don motar kashe gobara waɗanda yanzu ko mai baro da ƙyar yake wucewa, mun kuma san ba aljanu suka raba wuraren ba. Zaɓen ƙungiyar 'yan kasuwa ya matso, kuma zagin 'yan kwana-kwana abu ne da ke jawo tafi a wurin wanda ya yi asara. Ban ce ka ci kuɗin kowa ba, ba zan yi maka abin da ka yi mini ba. Amma mai tambayar wane ne ya aiko wani, ya kamata ya shirya a tambaye shi me yake tsoron taswira ta nuna.

Abin da ke ƙona mini rai ya wuce ni da kai. Shekara 27 ina ganin abu ɗaya. Mu iso wurin gobara, a tarbe mu da jifa da zagi. Yaranmu na Zango, da na sauran unguwanni, su kira 112 don wasa, su toshe layi, mai ciwon gaske yana jira, kuma ban taɓa jin wani babba ya shiga rediyo ya tsawata a kan wannan ba. Kasuwar Kantamanto ta Accra ta ƙone a Janairun 2025, ta Adum a nan Kumasi ta bi baya a watan Maris. Duk lokacin da aka yi irin haka manya su zo jaje da buhunan siminti da kwanon rufi, a ɗauki hoto, a sake gina shaguna a kan hanyoyin nan dai, da wayoyin lantarkin nan dai masu kama da saƙar gizo. Ba mai tambayar yadda ma'aikacin da ya shiga cikin wutar ya yi magana da na waje. In ya fito da rai, a ce ya makara. In bai fito ba, a yi masa fareti, a naɗe tuta a miƙa wa matarsa. Yarinyar da aka haifa bayan rasuwar abokin aikina yanzu ta isa aure, hoton ubanta kawai ta sani. Dattawanmu suna da bakin da ake ji, daga fadar Sarkin Zango har majalisar birni, har wurin 'yan majalisar da muke zaɓa a Asawase. Da irin muryarka za ta nemi a gyara wannan, da an saurara fiye da yadda za a saurari tsohon ɗan fansho kamata.

Abu biyu nake nema a wurinka, Yaya Alhaji. Ka koma gidan rediyon nan, a shirin nan, ka kawo sunan kamfanin da ya biya ni da adadin kuɗin, ko kuma ka janye maganar da bakinka yadda 'yata za ta ji. Na biyu, ranar Alhamis bayan la'asar zan tsaya a bakin babbar ƙofar kasuwa da takarda da biro. Ka zo da mutanenka, mu bi layi-layi mu ƙirga famfunan da mota za ta iya kaiwa gare su, mu rubuta waɗanda aka danne da sunan abin da ke kansu, ni da kai mu sa hannu a ƙasa.

Wassalam.

Ƙaninka,
tsohon ma'aikacin kashe gobara,
Aboabo, Kumasi.