Zuwa Ga Ƙanina da Ya Tambaye Ni Wane Ne Jarumi

Assalamu alaikum.

Ƙanina, ka tashi a gaban jama'a ka tambaye ni ta yaya za a kira mutum jarumi alhali an san ɓarnar da ya tafka a baya. Amsar da na ba ka a ranar ba ta gamsar da ni ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Bari in fara da Wahshi. Bawa ne a Makka, gwanin jifa da mashi. Ubangidansa, Jubairu ɗan Muɗ'im, ya yi masa alkawarin 'yanci in ya kashe Sayyidina Hamza, baffan Annabi (SAW). Ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, ya laɓe bayan dutse har Hamza ya zo daidai, ya saki mashin. Bayan an buɗe Makka ya gudu Ɗa'ifa, daga baya ya zo ya musulunta. Annabi (SAW) ya karɓi musuluncinsa, amma ya nemi ya riƙa kawar da fuskarsa daga gare shi. Wannan wurin yana taɓa ni ƙwarai. An yafe masa, amma ciwon rashin baffa yana nan, kuma Wahshi bai ce ai na tuba, me ya rage ba. Ya janye jikinsa. Da aka zo yaƙin Yamama a zamanin Sayyidina Abubakar, sai ya fita da mashinsa ya jefi Musailama maƙaryaci, yana fatan hakan ya zama ramuwar abin da ya aikata.

Ka ga hannun da ya yi ɓarnar, shi ya dawo ya yi gyaran, kuma mai hannun bai ɓoye komai ba. Labarin kisan Hamza ma daga bakinsa aka ji shi dalla-dalla. Abin da nake dubawa ke nan kafin in ce wa mutum jarumi.

Haka Oskar Schindler, ɗan jam'iyyar Nazi ta Hitler, mashayi, wanda ya je birnin Krakow a ƙasar Polan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don ya yi kuɗi da gumin Yahudawan da aka tilasta wa aiki. Daga baya ya ƙarar da dukiyar wajen toshe bakin jami'ai, ya kuɓutar da mutane kusan 1,200 daga halaka. Ya rasu a 1974 ba shi da ko sisi. Malcolm X kuwa, ɗan gwagwarmayar kare haƙƙin baƙar fata, sata ce ta kai shi kurkuku a Amurka a 1946, ya fito a 1952, kuma bai taɓa jin kunyar faɗin inda ya fito ba har aka harbe shi a 1965.

Na san abin da ke damunka, kuma kana da gaskiya. Akwai masu tuban muzuru, waɗanda suke wanke suna da kyauta ɗaya a gaban kyamara, dukiyar zalunci na nan a aljihunsu. Ni ma ba na kiran su jarumai. Wanda tubansa bai ci masa komai ba, ni ban ga jarumtarsa ba. Kuma wanda aka zalunta yana da haƙƙin ya ƙi tafawa, kar kowa ya matsa masa.

Mutumin da kake nufi a tambayarka, ka je ka bincika min abu biyu: me gyaran nasa ya ci masa, kuma ya taɓa zuwa ƙofar waɗanda ya cuta? In ka samo, ka dawo mu zauna.

Yayanka.